Filin Lambu da Kiwo: Wa ke cinye mana dashe da tsabar tantabaru?

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda aka shiga noman rani saƙonnin da ke shigo mana kusan duk kuka ɗaya ne, na zaɓo guda uku daga Gombe.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da ɗan lambu a Dadin Kowa kusa da kanal, fangali 12 ne, na dasa salak da kabeji da karas, a gefe kuma na ɗan zuba gyaɗa. Sati biyu kenan kullum na zo da safe sai in tarar an datse min dashe, wani wajen kuma an tone ƙasa an cire irin gyaɗar tun bai tsiro ba. Na kafa mutum-mutumi na ɗaure leda duk ba abinda ya canza, wallahi abin ya ishe ni. Daga wani manomin rani.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Yadda ka kwatanta ɗin nan ni a ganina ɓarayi biyu gareka ba ɗaya ba, kuma kafin ka kashe ko sisi sai ka fara gane kowanne. Ka tsuguna ka duba inda aka datse ɗin da kyau, in kaga yankan ya fita sumul a karkace kamar da reza akai, ga kuma kashi ƙanana mulmulallu a kusa, toh zomon daji ne, shi da daddare yake fitowa ko da asuba. In da akuya ce zaka ga ganyen a yage saboda ita bata da haƙoran sama na gaba, fizga take. Shi kuma mai tone gyaɗar kurege ne, da rana yake aikinsa, yawanci da hantsi da kuma la'asar lokacin da ka tafi gida, a rami yake kwana kuma in ka bi gefen gona wajen tsohon suri ko gindin ƙaya zaka ga ƙofar ramin. Gafiya ma tana tono amma ita sai dare, kuma kwasa take a kumatu ta kai rami ta tara.

Mutum-mutumi da leda kwana uku ne zuwa huɗu su saba da shi, shi yasa kaga ba canji.

Abinda nake ba kowa shawara kuma na yarda dashi shine waya, wannan ragar da ake wa kaji keji da ita, mai ido inci 1. Ka nemi mai tsayin ƙafa 4, ƙafa 3 ta tsaya a sama sauran ƙafa 1 ɗin ta shiga ƙasa. Anan ne mafi yawan mutane suke kuskure, sai su kafa waya ta zauna bisa ƙasa kawai, alhali kurege ta ƙasa zai bi, shi tono ne sana'arsa. Ka haƙa ɗan lambatu zagaye da fangalin zurfin kamar taƙi guda, ka saka wayar, ka lanƙwasa bakinta na ƙasa ya kalli waje ba cikin lambu ba, sannan ka mayar da ƙasa ka tattake sosai. Idan ya zo jikin wayar ya fara tono sai ya ci karo da wadda ke kwance, zai gwada nan ya gwada can ya haƙura. Turaku kuma kar su yi nisa da juna, taku biyu ya isa, don kar wayar ta saki ciki. Ƙofa ma ka kula da ita, sau da yawa ta ƙarƙashin ƙofa ake shiga.

Na san zaka ce kuɗi, gaskiya ne waya ta yi tsada yanzu kuma ba kowa zai iya zagaye fangali 12 lokaci ɗaya ba. Toh ba dole sai duka ba. Fara da inda ka yafa iri da kuma sabon dashe, don sati uku zuwa huɗun farko sune masu haɗari, kabejin da ya riga ya kama ƙasa ya yi ganye ko an ɗan gutsire shi zai farfaɗo amma ɗan dashe mai ganye biyu in an datse shi shikenan. Wajen yafa irin ka rufe shi har sama saboda kurege yana iya hawa waya in yaga abinda yake so, tsohon gidan sauro wanda ya riga ya yage aka daina kwana a ciki yana wannan aikin, ka ɗora a kan ƴan sanduna ka danne gefe da duwatsu. Sauran lambun ka yi masa shingen ƙaya irin na iyayenmu, magarya ko aduwa, amma a cusa ta ƙasa sosai ba a jibga a sama ba. Sannan ka share ciyawa da tarin kara da ke gefe kamar taku biyar, zomon daji baya haƙa rami, a cikin ciyawa yake laɓewa, kuma dukansu basa son ratsa fili fetal saboda shaho da karnuka.

Akwai ruwan barkono, a daka a jiƙa ya kwana a tace a ɗiga ɗan sabulu a fesa. Yana taimakawa amma duk ban-ruwa sai ya wanke, kuma kar ka fesa a salak ɗin da ka kusa kaiwa kasuwar Kwadon. Tunda kana Dadin Kowa ma ga Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya nan kusa da kai, ka leƙa kaga yadda suke killace wajen renon irinsu, gani ya kori ji.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni a Tumfure nake bayan gari, ina kiwon tantabaru kuma ina zuba wa tsuntsaye gero a faranti a tsakar gida tun maigidana na da rai, sadaka ce nake masa. Yanzu kurege da ɓeraye sun gane wajen, kafin tsuntsayen su sauko an cinye. Jikana ya nuna min a YouTube wani abu da Turawa ke ratayewa. Ko akwai yadda zan yi? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya jiƙan maigida ya kai masa ladan, kuma dan Allah kar ki daina. Abinda jikanki ya nuna miki na mutanen Amurka da Ingila ne, su kuregensu na bishiya ne mai ruwan toka, daga reshe yake dirowa, shi yasa nasu kayan ke da tarkace da yawa. Namu na ƙasa ne, aikinki bai kai nasu wahala ba. A samo miki bututun ƙarfe irin na famfo a kafa shi ya kai kamar ƙafa 5, a sa mai walda ya liƙa faranti a sama, sai a huda tsohuwar roba ko kwano mai faɗi a kifa shi a jikin bututun ƙasa da farantin kaɗan, duk abinda ya hawo zai tarar da rufi a kansa. A nisanta shi da katanga da bishiya kamar taku huɗu saboda ɓera ta sama zai biyo. Kar a shafa wa bututun baƙin mai ko giris, yana ɓata gashin tsuntsu.

Amma Hajiya, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Tsabar da ke zubewa ƙasa ta kwana ita ke kiransu. Tantabara ɗaya abinda take ci a wuni bai wuce giram 30 zuwa 40 ba, ki dinga zuba daidai wanda zasu cinye kina zaune, safe da yamma, in sun tashi a share wajen. Buhun geron ma ya koma cikin duro mai murfi. Wani abu kuma da mutane basu cika sani ba, tsuntsu baya jin zafin barkono sam amma kurege da ɓera suna ji, don haka zaki iya ɗan yayyafa wa geron ruwa ki barbaɗa garin barkono kaɗan ya manne, kar dai a zuba shi busasshe iska ta kwasa ta kai idon yara.

Maganar ɓeran nan ina so ki ɗauke ta da muhimmanci fiye da ta kuregen, don zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, da rani yafi tashi, kuma maƙwabciyarmu Bauchi tana cikin jihohin da yafi kamawa a ƙasar nan. In za a share wajen a fara yayyafa ruwa don kar ƙura ta tashi, a wanke hannu da sabulu.

TAMBAYA: Malam wani ya ce in jiƙa masara da maganin ƙwari Sniper in watsa a bakin ramin kurege, ya kake gani? Daga Deba.

AMSA: A'a ɗan'uwa, dan girman Allah kar ka yi. Masarar nan bata san kurege ba, kazar maƙwabci da zabi da kurciya duk zasu tsinta, mage ko shaho su ci wanda ya mutu suma su bi, ga yaran da ke farautar kurege da gafiya suna gasawa, in suka tsinci wanda ya ci guba yana tangaɗi murna zasu yi su ɗauka. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwa saboda rayukan da aka rasa. In ramin yana cikin gonarka kuma ɓarnar ta yi yawa ka ɗana tarko a bakin ramin da ƴar gyaɗa, ka duba safe da yamma kar dabba ta wuni tana wahala a ciki, in ramin ya mutu ka cike shi da duwatsu da ƙasa. Kuma kar a cinna wa ciyawa wuta don koro su, da iskar hunturun nan ba a san inda zata tsaya ba.