Tambaya da Amsa: Me Ke Ƙona Taransifomar Unguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Sau biyu ke nan taransifomarmu mai kVA 500 (ma'aunin ƙarfin taransifoma) tana ƙonewa, duka a lokacin zafi. Wasu sun ce ta yi mana kaɗan, a nemo babba. Haka ne? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin zancen babba, a fara da awo. Irin taku, mai sauke wuta daga bolt 11,000 zuwa 415, tana ɗaukar kusan amfiya 695 (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) a kowane layi cikin layukanta uku, wato ja, rawaya da shuɗi. Bayan magariba, lokacin da fanka da firji da injin ruwa ke aiki, ma'aikacin kamfani ya auna kowane layi daban. Misali, ana iya tarar da jan layi ɗauke da 750, rawaya 400, shuɗi 250. A jimlace ba ta cika ba, amma naɗin wayar jan layin da ke cikin taransifomar yana dahuwa. Silar hakan ita ce kowa ya ga layin maƙwabci ya fi haske sai ya sa a hau falwaya a mayar da shi can. A sake raba gidajen daidai, kada layi ya wuce kashi 80 cikin 100, wato kimanin amfiya 550.

Abin da ya fi damuna shi ne fiyus. Idan ya tsinke, aikinsa ya yi. Wanda ya ɗaura jibgegiyar wayar tagulla a gurbinsa, taransifomar ya mayar fiyus, ita za ta ƙone.

A duba mai, domin shi ke sanyaya ta. Yoyo ko sata na rage shi. Ƙwayoyin tsotse danshi da ke cikin kwalbar numfashinta, idan shuɗinsu ya koma ruwan hoda, a canza su. Kafin damina a gwada abin kare tsawa da wayar ƙasa.

In bayan rabon lodin layukan uku duk sun cika, ƙara taransifoma ta biyu a wani ɓangaren unguwa ya fi sayen babba, saboda gajeren layi ba ya raunana wuta. A ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, sayen taransifoma nauyin kamfanin rarraba wuta ne. Ku kai koke a rubuce.

Tambaya: Ƙwai ya yi haske fiye da kima, talabijin ya ƙone. Me ya faru?

Amsa: Galibi wayar nutural, wadda wuta ke komawa taransifoma ta cikinta, ita ce ta tsinke, sai wutar wasu gidaje ta haura 240 ta doshi 415. A kashe babban makunni nan take, a kira ma'aikata su duba mahaɗar wayar a falwaya.