Amsa ga Ƙanena a Jos: Kalmomin Turancin da Za Su Tare Ka a Ingila

Assalamu alaikum, ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan Baba da Inna da sauran mutanen Unguwar Rogo suna lafiya, saƙonka ya iso. Ka ce tun da ka kammala Jami'ar Jos ka gama hidimar ƙasa, ka ƙudurta zuwa Ingila karatun digiri na biyu, kuma kullum kana haddace kalmomin Turanci masu wuya daga ƙamus, har ka nemi in aiko maka da jerin wasu ka ƙara a kai. Na yaba da himmarka, amma ina ganin ba inda ya kamata ka zuba ƙarfinka ba ke nan.

Mun taso a ƙasar da ake auna ilimin mutum da kaurin Turancinsa, shi ya sa ɗan siyasa irin Patrick Obahiagbon na jihar Edo ya yi suna a Majalisar Wakilai da kalmomin da sai an buɗe ƙamus kafin a gane su. A nan Ingila kuwa, idan ka cusa irin waɗannan a rubutunka, malami zai ja layi a ƙarƙashi ya tambaye ka abin da kake nufi. Kalmomin da ke kayar da ɗalibanmu su ne waɗanda muka sani tun muna firamare, amma doka ko jami'a ko mai gidan haya suka ba su wata ma'ana ta daban, ta yadda mutum zai karanta ya wuce yana zaton ya fahimta.

Tun daga takardun biza za ka fara cin karo da su. Kalmar "maintenance" a wurinmu gyaran mota ce ko na janareta, amma a wajen jami'an shige da fice na Birtaniya tana nufin kuɗin ci da sha da haya da za ka nuna kana da su, kuma dole kuɗin su zauna a asusu kwana 28 a jere ba tare da sun ragu ƙasa da adadin da aka ƙayyade ba ko da na yini ɗaya ne. Wanda aka tura wa kuɗi yau ya fitar da takardar banki gobe ya yi asarar kuɗin neman biza da na motar zuwa Abuja. Haka nan takardar gurbin karatu mai ɗauke da "conditional" alkawari ne mai sharaɗi, ba a gama karɓar ka ba tukuna. Sai ka cika sharuɗɗan jami'a za ta ba ka lambar da ake kira CAS, wadda sai da ita ake neman bizar ɗalibi. Kalmar "dependant" kuma ba ta ɗauki duk wanda kake ciyarwa ba kamar yadda muka saba. Mata ko miji ce da 'ya'ya ƙanana, kuma tun daga Janairun 2024 mafi yawan masu digiri na biyu na koyarwa a aji ba su da izinin tahowa da su.

A jami'a abin ya fi tsanani, domin can ne rashin fahimtar kalma ɗaya ke iya cinye wa mutum shekara. Ka san "plagiarism" satar rubutu ce, amma faɗinta a nan ya wuce kwafe shafi sukutum: ko ka sauya kalmomin marubuci da naka, muddin ba ka ambaci mai ra'ayin ba, ka aikata ta. 'Yar'uwarta "collusion" ta fi kama mutanenmu, saboda abin da muke ɗauka taimakon juna, wato ka ba abokinka aikinka ya duba ya tsara nasa a kai, laifi ne idan aikin na mutum ɗaya ne, kuma mai bayarwa da mai karɓa duka suna shiga. Na ga wata ɗaliba 'yar ƙasarmu zaune a bakin ofishin kwamitin ladabtarwa, riƙe da takardu biyu da aka shafa wa alamar rawaya a sakin layi iri ɗaya, tana ta maimaita cewa ita tausayi kawai ta ji. Sannan idan tambaya ta ce "critically evaluate", ba zagin marubuci ake nema ba, ba kuma yabonsa ba. Ana so ka auna hujjarsa, ka nuna inda ta yi ƙarfi da inda ta gaza, ka faɗi matsayinka da dalili. Tunda kai fannin kiwon lafiyar al'umma za ka karanta, ka kula da "significant": a lissafin ƙididdiga ba ta nufin abu mai muhimmanci, tana nufin sakamakon da zai yi wuya a ce dace ne kawai ya kawo shi. Ka kuma riƙe "extenuating circumstances", wato uzurin da jami'a ke karɓa kamar rashin lafiya ko rasuwa, wanda dole a shigar da shi a rubuce cikin lokaci, domin kawaici irin namu ba ya hana a rage maki.

Batun haya ma da nasa yaren. A Jos shekara ake biya, a nan wata-wata ne, shi ne ma'anar haruffan "pcm" da za ka gani a jikin farashi. Wanda ke zaune gida ɗaya da mai gida ana kiran sa "lodger", kuma kariyar da doka ta ba shi ba ta kai ta cikakken ɗan haya ba. Idan kuma ka ga "jointly and severally liable" a yarjejeniyar da za ku sa wa hannu ku huɗu, ka sani cewa ranar da ɗaya ya gudu, mai gida na da ikon bin ka bashin duka. Dokar Ingila ta 2019 ta taƙaita kuɗin ajiya ga yawancin gidaje zuwa hayar mako biyar, don haka kada wani ya karɓe maka na wata uku da wannan suna.

Sauran ba su da nauyi haka. "Surgery" a bakin Bature sau da yawa asibitin unguwa ne, ba tiyata ba. A kanti ka karanta bayan kwali, domin "lard" kitsen alade ne, "gammon" kuma namansa. Turancinmu na gida ma sai ka rage shi: kada ka ce wa abokiyar karatu za ka yi mata "escort" da nufin rakiya, domin kalmar tana iya ɗaukar ma'anar da za ta ba ka kunya.

Idan jeri kake so lallai, akwai wanda Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ta fitar a shekarar 2000, mai ɗauke da gidajen kalmomi 570 (kowane gida kalma ce da waɗanda suka tsiro daga gare ta) da suka fi yawo a rubuce-rubucen ilimi, kuma ana samun sa kyauta a intanet. Zai taimake ka a jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS fiye da abin da kake haddacewa yanzu. Bayan shi, ka sauke ƙa'idojin ɗalibai na jami'ar da kake nema da bayanin biza daga shafin gwamnatin Birtaniya, ka karanta su a tsanake, kana rubuta kowace kalma tare da jimlar da ta zo a ciki, musamman wadda kake ganin ka riga ka sani. Idan takardar gurbin ta fito, ka turo min hotonta ta WhatsApp mu bi ta layi-layi kafin Baba ya biya ko kwabo.