Na barbaɗa irin okid a tukunya, wata uku shiru

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ya kawo mini furen okid mai fararen furanni, wanda ake kira Phalaenopsis. Na yi masa barbara da tsinken sakace kamar yadda aka nuna mini, ya yi ƙwanso. Da ƙwanson ya fashe sai na ga gari kamar ƙura. Na barbaɗa a tukunya da ƙasar lambu da takin gida, yau wata uku ko tsiro ɗaya babu. Ko irin ne ba shi da kyau? Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Irinki lafiyarsa ƙalau, ƙasar ce ba gidansa ba.

Asalin wannan fure dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Indonesiya, Malesiya da Filifin, inda ruwan sama ke sauka kusan duk shekara. Can ba a ƙasa yake fitowa ba. A jikin reshen itace yake maƙalewa, cikin inuwa, saiwoyinsa masu kauri suna reto suna shan laimar iska. Kada ki ɗauke shi kamar kaucin da muke gani a kan ɗorawa: kauci yana tsotsar itacen, shi kuwa okid masauki kawai ya nema.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Fasa ƙwayar gero ko masara, za ki ga farin gari, guzurin da tsiro ke ci kafin ya yi ganye. Irin okid ba shi da wannan guzuri ko kaɗan, shi ya sa ƙwanso ɗaya ke ɗauke da dubban ƙwayoyi masu tashi da iska. A daji, sai ƙwayar ta gamu da wani nau'in funfuna da zai shiga jikinta ya ciyar da ita, sannan ta tsiro. Wani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ya gano haka a 1899. A 1922 kuma Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna za a iya tsirar da irin ba tare da funfunar ba: a zuba shi cikin kwalba a kan agar, wani garin ciyawar teku mai daskarewa kamar agidi, a haɗa da sukari da gishirin ma'adinai.

Wahalar aikin tsabta ce. Sukarin da ke ciyar da irin shi ke ciyar da ƙwayoyin cuta, don haka ake dafa kwalaben a tukunyar matsi, zafin digiri 121, kimanin minti 15. Masu sana'ar sun fi son ɗanyen ƙwanso, wajen wata huɗu bayan barbara, tun bai fashe ba, a wanke bayansa da ruwan bilic. Bayan makonni za a ga 'yan ƙwallaye kore-kore, amma fure sai an yi haƙurin shekara biyu zuwa uku, ko fiye.

In har kina son gwadawa, ki leƙa sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ki nemi shawara. Ni dai abin da ya fi damuna uwar shukar ce, wato okid ɗin da ɗanki ya kawo, don hunturun Zariya yana busar da saiwarta ƙarƙaf. Ki dasa ta cikin ɓawon kwakwa da gawayi, a tukunya mai huji, kusa da taga inda rana ba ta dukanta, ki riƙa fesa wa saiwoyin ruwa da safe. Kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganyen. Wani lokaci za ki ga ɗan tsiro ya fito a jikin karan furen. Ki bar shi sai saiwoyinsa sun kai tsawon yatsa, sannan ki yanke ki dasa.