Amsa: Shin shahararren ɗan wasa kan zama ƙwararren mai horarwa a jami'a?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda ya yi fice a gasar NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka, kan iya horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'a, kuma a ganina tarihin Patrick Ewing ya isa misali. An haife shi a Jamaika a 1962, ya ci kofin jami'o'in Amurka tare da Jami'ar Georgetown a 1984 bayan sun doke Jami'ar Houston da Hakeem Olajuwon ke yi wa wasa, sannan ƙungiyar New York Knicks ta ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 1985, inda ya yi shekara 15.

Da ya daina wasa, ya daɗe yana mataimakin mai horarwa a NBA, har Georgetown ta ba shi ragamar ƙungiyarta a 2017. A 2021 ya ci gasar Big East, wato rukunin jami'o'in da Georgetown ke ciki, alhali ba wanda ya zata, amma a kakar da ta biyo baya ƙungiyar ta sha kashi a dukkan wasanninta 19 na rukunin, kuma aka sallame shi a 2023.

Ban yarda rashin sanin wasa ne ya kayar da shi ba. Aikin jami'a ya ƙunshi zagaye makarantun sakandare domin neman yara masu hazaƙa, da shawo kan iyayensu, da kula da karatunsu, da kuma riƙe su kada su sauya sheƙa, kuma a nan ne ya fi shan wahala, domin 'yan wasansa da dama sun koma wasu jami'o'i tun ƙungiyar ba ta gama ginuwa ba.