Tambaya da Amsa: PES ko FIFA, Free Fire ko PUBG, da Yaron da Ya Kamu da GTA

Wasiƙun da suka iso wannan shafi daga Damagaram a wannan wata sun karkata ga wasannin bidiyo, kuma na zaɓi huɗu daga cikinsu. Na taƙaita tambayoyin, na kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani matashi a unguwar Birni: Malam, musu ya ƙi ƙarewa a fadarmu, har shayi yakan huce muna ta gardama. Wasunmu suna cewa PES ya fi, wasu suna cewa FIFA. Ni kuwa na tara ƴan kuɗi ina son in buɗe shagon wasa kusa da Kasuwar Dole. Wanne ya fi, kuma wanne zan saka?

Amsa: Ƙanena, wannan musu ya girmi yawancin waɗanda ke zaune a fadarku. Kamfanin EA na Amurka ya fitar da FIFA na farko a 1993, shi kuma kamfanin Konami na Japan ya fara nasa wasan ƙwallon a tsakiyar shekarun 1990, kafin ya fito da sunan Pro Evolution Soccer, wato PES, a 2001. Abin mamaki shi ne, a yau duka sunayen biyu da kuke musu a kansu sun kau. Konami ya mayar da nasa eFootball a 2021, EA kuma ya rabu da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, mai mallakar sunan FIFA, bayan FIFA 23, shi ya sa wanda ya fito a 2023 ake kiransa EA Sports FC 24.

Ƙarfin FIFA tun asali yana cikin izinin da ya saya na amfani da sunayen ƙungiyoyi, rigunansu, filayensu da fuskokin ƴan wasa. Idan yaro ya zaɓi Real Madrid ko Liverpool, abin da ya saba gani a talabijin shi yake gani a gabansa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shago, domin ido ne ke fara jawo abokin ciniki. Rauninsa a ganina biyu ne. Na farko, gudu ya cika tasiri a cikinsa, ta yadda wanda ya ɗauki ɗan wasan gaba mai sauri zai iya doke wanda ya fi shi fahimtar ƙwallo. Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, shi ne sashen Ultimate Team da aka shigo da shi a 2009, inda mutum ke biyan kuɗi na gaske ya sayi ƙunshin ƴan wasa ba tare da ya san waɗanda ke ciki ba sai ya buɗe. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke hukunci a 2018 cewa irin wannan sayayya caca ce, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin sayen ƙunshin a ƙasar. Mu da muka san hukuncin caca a addini ba mu buƙatar wata ƙasa ta gaya mana, amma yana da kyau a san cewa ba mu kaɗai muka ga haka ba.

PES kuwa ya daɗe yana fama da rashin izini, har ta kai Manchester United ta daɗe tana fitowa da sunan Man Red, Arsenal kuma North London. Duk da haka, waɗanda suka taso da PES 6 na 2006 a kan PlayStation 2 ba su yi kuskure ba da suke yabonsa. Ƙwallon yana da nauyi a ƙafa, ba ya manne wa ɗan wasa, kuma sai mutum ya gina hari daga tsakiya kafin ya ga raga. Sashen Master League, inda kake ɗaukar ƙungiya ta ƴan wasa marasa suna ka raine ta kaka bayan kaka, har yau ina ganin yana cikin mafi kyawun abin da aka taɓa sakawa a wasan ƙwallo. Konami da kansa ya zubar da wannan daraja a ƙarshen Satumban 2021, lokacin da ya saki eFootball 2022 kyauta alhali bai nuna ba: fuskoki a karkace, ƙungiyoyi ƙalilan, babu Master League, har kamfanin ya fito ya nemi afuwa. An gyara shi sosai daga baya, musamman na wayar salula, sai dai yanzu rabin daɗinsa ya rataya ga intanet.

Saboda haka hukuncina shi ne, a wajen taka leda tsohon PES ya fi, a wajen kyan gani da cikar sunaye FIFA ya fi. Game da shagonka, ka nemi abin da mutum biyu za su zauna su buga ba tare da rezo ba: PES 2021, wanda shi ne na ƙarshe mai wannan suna, da FIFA 23 ko wanda ya biyo bayansa a kan PlayStation 4. Ka saka duka biyun, ka ƙayyade tsawon kowane wasa tun kafin a fara domin kauce wa rigima, kuma ka ware kuɗin sayen manet na canji, domin shi ne ke fara mutuwa a hannun yara.

Tambaya daga wani ɗalibi a Sabon Gari: Wayata ƙarama ce, kuma kuɗin data na wahalar da ni. Abokaina suna buga Free Fire, wasu kuma suna cewa wasan yara ne, PUBG ne na manya. Mene ne gaskiya?

Amsa: Ɗana, tsarin wasannin biyu ɗaya ne: a jefa mutane a tsibiri daga jirgin sama, kowa ya nemi makami, fili ya riƙa tsukewa har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. PUBG ya fito daga Koriya ta Kudu a 2017, na wayar salula ya biyo baya a 2018, kuma yana ɗaukar mutum 100 a fili mai faɗi, inda wasa guda kan kai kusan rabin awa. Free Fire na kamfanin Garena ne da ke Singafo, ya fito a ƙarshen 2017, yana ɗaukar mutum 50, kuma ana gamawa cikin minti goma ko kusa da haka. An ƙera shi ne musamman domin wayoyi marasa ƙarfi irin taka, kuma wannan shi ne sirrin yaɗuwarsa a ƙasashen da waya mai tsada ta fi ƙarfin yawancin matasa.

A wajen inganci PUBG ya fi. Bindiga tana jan hannu idan aka harba, sautin takun abokin gaba yana gaya maka inda yake, kuma haƙuri da dabara suna da riba. Amma yana cinye wurin ajiya, yana zafafa waya, kuma a watannin Afrilu da Mayu na garin nan wayar da ta riga ta ɗauki zafi ba ta jure rabin awa tana wannan aiki. Free Fire ya fi sauƙi a hoto da sarrafawa, yana taimaka wa mai harbi wajen saiti fiye da kima, kuma yana da wani aibi da PUBG bai cika da shi ba: jaruman cikinsa suna da baiwa ta musamman da ke canza sakamakon faɗa. Lokacin da aka fito da Chrono a ƙarshen 2020, jarumin da aka zana da siffar Cristiano Ronaldo, garkuwarsa ta yi ƙarfi har sai da kamfanin ya rage ta. A PUBG yawancin abin da ake saya ado ne, riga ko fentin bindiga, wanda ba ya sa harsashi ya fi kaifi.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne kalmar kyauta. Ba a biyan ko dala wajen sauke waɗannan wasanni, saboda haka kamfanin yana samun abincinsa ne daga dawowarka kullum da kuma daimon ko UC, wato kuɗin cikin wasan, da za ka saya. Shi ya sa ake ba ka tukuici idan ka shiga kowace rana, ake kuma nuna maka kaya da agogo yana ƙirgawa a gefe, domin ka ji kamar za ka yi asara idan ka tsaya tunani. Jaka ɗaya yau, jaka biyu jibi, kafin shekara ta zagayo an kashe kuɗin wayar da ta fi wadda ke hannu. Ƙari a kan haka, idan rezo ya yi rauni za a harbe ka kafin hoton maharbin ya iso wayarka, kuma babu daimon da ke maganin wannan. Da wayarka, Free Fire ne zai yi maka aiki. Ka buga shi ba tare da saka ko sisi ba, kuma ka ajiye shi idan jarrabawa ta matso.

Tambaya daga wata uwa a Karkada: Ɗana mai shekara goma sha ɗaya yana zuwa shagon wasa bayan lakwal. Na leƙa na ga yana tuƙa mota yana banke mutane, ƴan sanda na binsa. Ya ce sunan wasan GTA. In hana shi ne?

Amsa: Hajiya, mai yiwuwa abin da kika gani GTA San Andreas ne na 2004, ko kuma GTA V na 2013, dukansu na kamfanin Rockstar. Zan faɗa miki gaskiya ta fuska biyu. Ta fuskar fasaha, waɗannan wasanni gwanaye ne: an gina gari sukutum mai tituna da kasuwanni da tashoshin rediyo, an kwaikwayi birnin Los Angeles, an bar ɗan wasa ya je inda ya ga dama. Wannan ƴanci shi ne ke jan yaro, kuma da yawansu ba su ma bin labarin, yawo kawai suke yi da mota ko babur. Ta fuskar abin da ke ciki kuwa, labarin na ƴan daba ne, akwai kisa, fashi, miyagun ƙwayoyi, ashar da wuraren banza. A bayan kwalinsa akwai lamba 18, ta tsarin ƙayyade shekaru na PEGI da aka kafa a Turai a 2003, mai matakai biyar: 3, 7, 12, 16 da 18. Wato su kansu mutanen da ake sayar wa wasan a can sun ce bai dace da ɗan shekara goma sha ɗaya ba.

Saboda haka ki hana shi GTA, amma kada ki hana shi wasa gaba ɗaya, domin yaron da aka rufe wa ƙofa ba tare da an nuna masa wata ba yakan bi ta katanga. Ki je wurin mai shagon da kanki, ko ki aiki kawunsa, a gaya masa cikin mutunci cewa ƙwallo kaɗai aka yarje wa yaron; FIFA 23 lamba 3 ke kansa. Idan akwai waya ko kwamfuta a gida, Minecraft ya fi dacewa da shekarunsa. Wasa ne daga Suwidin da ya kammala fitowa a 2011, mai lamba 7, inda yaro ke haƙa ƙasa, ya sare itace, ya gina gida da gona da dabararsa. Aibinsa shi ne sai an saye shi, kuma ba ya koya wa sabon shiga sosai, sai ya nemi wanda zai nuna masa.

Kada kuma ki ɗauka duk yaron da ke son wasa ya kamu da cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da saka jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, kuma alamomin da ta bayar su ne mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa a kan sauran harkokinsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, yawanci na tsawon wata goma sha biyu. Idan yana zuwa makarantar allo, yana cin abinci, yana barci da wuri, kuma kuɗin cefane ba ya ɓata a gida, to abin da ake buƙata ƙayyade lokaci ne kawai.

Tambaya daga wani ɗalibin tarihi a Jami'ar André Salifou: Akwai wasan da ya taɓo tarihinmu?

Amsa: Akwai, Malam, ko da yake ba a shagunan unguwa ake samunsu ba. Civilization V na 2010 ya saka Askiya a matsayin shugaban daular Songhai, Age of Empires II ya ƙara daular Mali da labarin Sundiata a 2015, sannan Civilization VII da ya fito a Fabrairun 2025 ya saka Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabannin da ake zaɓa. Daga Kamaru kuma wani kamfani mai suna Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, wanda labarinsa ƙagagge ne amma tufafi da al'adunsa na Afirka ne.

Amfanin Civilization shi ne yana tilasta wa mai wasa ya yi tunani a kan fatauci, haraji, ruwa da ƙawance, abubuwan da ɗalibin da ya karanta yadda Damagaram ta bunƙasa a zamanin Sarki Tanimun da cinikin Sahara zai gane nan take. Sai dai kada ka ɗauke shi littafin tarihi, domin a cikinsa Amina za ta iya mulkin Rumawa ta kuma yaƙi Napoleon. Na bakwai ɗin ya sha suka daga tsofaffin masoyansa saboda ruɗanin allon bayanansa, kuma yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Idan taka ta karatu ce kawai, ka fara da Civilization V, wanda ya fi sauƙi a kan tsohuwar na'ura kuma ana buga shi ba tare da rezo ba bayan an saka shi.