Amsar tambayar Yaya kan randa da sauron dengi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Yaya, na saurari saƙonki, kina cewa ku kun yashe kwata, yara kuma a gidan sauro suke kwana, to me ya haɗa randar ruwan sha da zazzaɓin dengi? Gara da kika tambaya wallahi.

Kin ga, wannan sauron daban yake da na maleriya. Baƙi ne mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu, kuma da rana yake cizo, musamman da safe da bayan la'asar, lokacin da gidan sauron yake a naɗe. Sannan ya fi son ruwa mai tsabta da ya kwana biyu a ajiye: randa, duro, bokiti, kaskon kaji, tsohuwar tayar da ruwan sama ya taru a ciki.

Ga inda nake so ki riƙe, Yaya. Macen a jikin randa take liƙa ƙwanta daga ciki, dab da inda ruwa ya tsaya. Ko kin zubar da ruwan, ko randar ta bushe ƙayau, ƙwan nan yana iya yin watanni da ransa. Ranar da mai ruwa ya juye miki jarka, shi ke nan sun ƙyanƙyashe, cikin kwana 7 zuwa 10 sun zama sauro. Ni kaina shekaranjiya na haska tocila cikin duron bayan kicin, sai ga tsutsotsi suna wutsil-wutsil, alhali da marfinsa. Ashe gefe ne ya ɗan ɗage.

Don haka ɗauraya ba ta isa ba. Duk sati a sa soso a dirje cikin sosai. Na san ruwa da tsada, ba cewa na yi a zubar ba, a yi wanki da shi sannan a wanke mazubin. Faifai kuma yana barin kafa, a ɗaure bakin da ƙyalle mai tsabta tukuna.

Kar mu ɗauka ciwon nesa ne, an tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato a Nuwamban 2023. Idan yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da na bayan ido, a ba shi farasitamol kawai, ban da asfirin da ibufurofen, suna iya jawo zubar jini. A yi ta ba shi ruwa, a kai shi asibiti a gwada. In kuwa aka ga amai ba ƙaƙƙautawa, ko ciwon ciki, ko jini a dasashi, ko da zazzaɓin ya sauka, don Allah kar a jira gari ya waye.

A gaida min yaran, Yaya.