Injin Motata Yana Misin, Ta Ina Zan Fara Bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Toyota Camry ƙirar 2012 wadda nake zirga-zirga da ita tsakanin Jidda da Makka. Kwanan nan injin ya fara karkarwa idan na tsaya a danja, idan kuma na kama hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa sai motar ta riƙa fizga, fitilar inji tana ƙyaftawa. Wani makanike a sana'iyya, wato unguwar garejoji, ya ce in bar fetur mai lamba 91 in koma 95. Na koma, amma babu sauyi. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ka daina hawan dutse da motar nan. Ƙyaftawar fitilar tana nufin ɗanyen fetur yana wucewa cikin salansa, inda yake ƙona tukunyar tace hayaƙi, wadda kuɗinta ya ninka na gyaran da kake bukata.

Shawarar sauya fetur kame-kame ce kawai. Injinka silinda huɗu ne, kowace da fuloginta da koyil ɗinta mai ba fulogin wuta, saboda haka aikin farko shi ne a gano wadda ba ta kama wuta. A jona na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Idan ta nuna P0302, silinda ta biyu ce. P0304 ta huɗu ce. P0300 kuwa tana nufin matsalar ba ta tsaya a silinda ɗaya ba.

A ce ta biyu ce. Kada ka yarda a sayar maka da komai tukuna. A ciro koyil ɗinta a musanya shi da na silinda ta uku, a goge lambar, a zaga da motar. Idan lambar ta koma P0303, koyil ne ya mutu. Idan ta tsaya inda take, sai a musanya fulogi haka nan. A leƙa ramin fulogin da tocila, domin baƙin mai yakan tsiyayo daga gaskit ɗin murfin inji ya taru a ciki, ya sa wutar ta riƙa ɓacewa. Ni dai zargina ya fi karkata ga koyil, domin fizga a kan hawa ita ce alamarsa, zafin ƙasar nan kuma ba ya raga masa.

Idan wuta lafiya take, sai a duba nozul, wato abin da ke fesa wa silinda fetur. Idan P0300 ce ta fito tare da P0171, wadda ke nuna iska ta yi wa fetur yawa, a nemi tiyon iska da ya tsage. Gwajin matsin silinda shi ne na ƙarshe, sai dai idan ruwan lagireto yana raguwa kuma farin hayaƙi yana fita, to, a fara da shi, domin alama ce ta gaskit ɗin kan inji ya ƙone.